Bakanike Ya Gama Nasa, Saura Hukuma

Kowace shekara, da zarar azumi ya raba tsakiya ko kuwa babbar salla ta ƙarato, akan ga wani irin ayari ya taso daga Kurmi ya nufi Arewa. Ayari ne na tsofaffin motoci waɗanda 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal suka saya da guminsu. Wani mai sayar da tumatir ne a kasuwar Mile 12, wani mai gadi ne a Ikoyi, wani dillalin shanu ne a Lokpanta, wani kuwa mai canji ne a Sabo ta Badun. Mutum ya yi shekara biyar ko bakwai yana zuba adashi, yana kwana a rumfa, duk don ya kai mota gida a sa ta a layi tsakanin Yana da Azare, iyali su riƙa samun na cefane ko da shi yana can nesa. Daga Ikko zuwa Azare tafiyar kilomita kusan 1,200 ce. Injin da ya haura shekara 25 yakan iya wannan tafiya sarai in an ba shi ruwa da baƙin mai. Takardun motar ne ba safai suke kai ƙarshen tafiyar lafiya ba.

An daɗe ana magana a kan mai tsohuwar mota kamar wani mai laifi da ake jira a kama. Manyan ma'aikata in suka sami lasifika sai su ce shi ya mai da ƙasar nan juji, shi ke gurɓata iska, shi ke kashe mutane a kan hanya, shi ke guje wa haraji. To, kafin a yanke masa wannan hukunci ya kamata a koma baya kaɗan, a ga wanda ya hana shi sabuwar mota tun da fari.

Cikin 1975 masana'antar harhaɗa motocin Fijo ta Kaduna ta fara aiki, haka kuma ta Volkswagen da ke Ikko. Cikin 1976 aka ƙirƙiri Jihar Bauchi, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare ita ma ta sami rabonta, watau masana'antar Steyr mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Aka kafa ta Fiat a Kano, ta Leyland a Badun, ta Marsandi a Inugu. A wancan zamani akawu ko shugaban makaranta yakan karɓi rancen mota ya je ya ɗauko Fijo 504 sabuwa fil, ko kuwa Volkswagen ɗin nan mai siffar kunkuru, ya biya sannu a hankali daga albashinsa. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar cikin 1981 Naira 125 ne, kuma a canjin wancan lokaci ya haura dalar Amurka 200. Wanda aka tsayar cikin 2024 Naira 70,000 ne, amma bai kai dala 50 ba. Duk mai neman dalilin da ya sa mutumin Shira ke sayen kwance, ga shi nan a cikin waɗannan lambobi huɗu.

Masana'antun nan tun asali da ciwo aka haife su. Galibin sassan mota a akwatuna ake shigo da su daga Faransa da Jamus da Ostiriya, a nan ɗaurawa kawai ake yi. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka ba Rashawa kwangilarsa cikin 1979 don ya ciyar da masana'antu irin waɗannan, aka yi ta zuba masa kuɗi ba a kammala shi ba. Saboda haka da gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar Naira cikin 1986, sai kuɗin akwatunan nan ya gagara, masana'antun suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ita kanta gwamnati, wadda ta kafa su, ta juya musu baya, manyanta suka koma hawan jif-jif na Japan da kuɗin jama'a. Aka sayar da ta Kaduna ga 'yan kasuwa cikin 2006, bashi ya ci ta har hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna ta riƙe ta cikin 2012. Ta Bauchi ma ba ta sake komawa yadda take ba. Talaka ba ya cikin waɗanda suka zauna suka yanke ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan.

Da ƙofar sabuwa ta rufe sai ta kwance ta buɗe. Motocin da mutanen Baljiyam da Jamus da Holan da Amurka suka gaji da su aka riƙa saukewa a tashar Tin Can ta Ikko da tashar Kwatano. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo.

Sai a duba abin da motocin nan ke yi in sun isa gida. Ƙaramar Hukumar Shira tana da mutum fiye da 230,000 tun a ƙidayar 2006, kuma jirgin ƙasa bai taɓa ratsa ta ba. Babban titin Kano zuwa Maiduguri ta Azare ya bi. Abin da ya haɗa Yana da Disina da Faggo da Tsafi da Beli da tsohon garin Shira da sauran duniya shi ne Golf da Sharan da J5 da kanta da wasu 'yan akori-kura da suka ga jiya suka ga yau. Su ke kai gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi kasuwa. Su ke ɗaukar awaki da tumaki, su ke kai amarya, su ke kai gawa. In haihuwa ta zo wa mace da gardama da tsakar dare a wani ƙauye, motar da za ta kai ta babban asibitin tarayya na Azare ita ce tsohuwar Golf ɗin nan da ake zagi da rana. Ita wannan Golf, samfuri na uku, tun cikin shekarun 1990 aka daina ƙera ta. J5 kuwa ta ma riga ta yin ritaya a ƙasar da ta haife ta. Amma a ƙasar Katagum har yanzu su ne jakunan zamani, kuma ba a kawo wani abin da zai maye gurbinsu ba.

Mai riƙe da ran waɗannan motoci shi ne bakanike, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, gama shi kaɗai ne a cikin wannan harka ya cika alkawarinsa. A garejojin Azare, a ƙarƙashin bishiyar maina, da jak da sifana da guntun kwali na shimfiɗawa a ƙasa, ake yin aikin da a Turai sai an kai mota kamfani. Mutumin da bai yi ko aji ɗaya na makarantar koyon sana'a ba zai kara kunnensa a jikin injin ya faɗi ko ringi ne ya cinye ko metal ne ke bugawa. Zai sauke injin ranar Litinin, ya aika yaro Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo fistin da gasket, a kai ƙarfen juya injin wurin masu sassaƙa shi, ranar Alhamis mota ta tashi. Abin da ba a samu a Kano ba a neme shi a Fanteka ta Kaduna, ko a aika wa ɗan'uwa a Ikko ya shiga Ladipo ya ɗoro shi a motar dare. Motar da ta mutu a Jamus ita ke ba da ƙafa da fitila ga wadda ke raye a Disina.

Har gyaran hali suke yi wa mota, don ba a ƙera ta saboda wannan ƙasa ba. Sukan ƙara mata ƙarfin sifirin na baya don ta ɗauki buhu. Sukan ɗaga ta kaɗan, mai walda ya liƙa faranti a ƙarƙashin tukunyar baƙin mai don kada dutse ya fasa ta. Sukan sa lagireto mai layi biyu saboda zafin bazara. Wasu sukan cire na'urar fesa mai ta zamani su mayar da kafireta, don ita ce karen mota zai iya kwancewa ya wanke a bakin hanya in mai ya zo da datti. Ba duk dabarun ne abin yabo ba. Akwai al'adar cire ɗan ƙarfen nan mai daidaita zafin ruwan injin, a kuma haɗa fanka kai tsaye, wai don kada mota ta yi zafi. Abin da ke biyo baya shi ne injin ya wuni bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi ba, musamman da hunturu, ya riƙa shan mai fiye da kima yana cin kansa. Akwai kuma masu sace abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, wanda ake ce wa indomi, su sayar ba da sanin mai mota ba. Duk da haka, ha'incin bakanike ba ya ɓuya. In ya yi aikin banza mota za ta tsaya tsakanin Azare da Jama'are, gobe mai ita ya jawo ta har ƙofar gareji, a yi ta ta ƙare a gaban jama'a. Bakanike yana da wurin zama, yana da suna, yana da shugaban ƙungiya da za a kai ƙararsa.

To, wa ake kai wa ƙarar takarda?

Kafin tsohuwar mota ta taka titi ba da fargaba ba, sai mai ita ya tara takardar fito ta kwastan, da shaidar mallaka, da takardar cinikin da ya yi da wanda ya sayar masa, da lamba, da lasin mota na shekara-shekara, da takardar lafiyar mota, da inshora. In haya za ta yi sai an ƙara izinin haya da lamba mai jan rubutu, sa'an nan ga rasidan ƙananan hukumomi da tikitin tasha. Kowace takarda da ubangidanta: wannan ta Tarayya ce, wannan ta jiha, wannan ta ƙaramar hukuma. A kan hanya kuma kowa da shingensa, ɗan sanda da nasa, kwastan da nasa, jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa cikin 1988, da nasa, ga kuma masu duba lafiyar mota da aka fi sani da bi-ai-o. Ba yawan takardun ne kaɗai abin kuka ba. Babban abin takaici shi ne takardar da ofishi ɗaya ya bayar da hatiminsa, jami'in wani ofishin zai juya ta sau biyu a bakin gadar Jebba ya ce ta jabu ce, kuma ba wanda za a kira ya raba gardama.

Dokokin ma ba sa zama wuri ɗaya. An kawo lambar bai-ɗaya cikin 1992, aka sauya ta cikin 2011 aka ce kowa ya sake sayen sabuwa, har magana ta kai kotu cikin 2014. Iyakar shekarun motar da za a shigo da ita an taɓa tsayar da ita a shekara 8 zamanin Obasanjo, aka mai da ita 15 cikin 2010, aka dawo da ita 12 cikin 2022, alhali kuwa tashoshin mota cike suke da masu shekara 30. Daga 1 ga Janairu 2023 kuɗin ƙaramar inshora ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000. Cikin wannan shekarar dai aka fito da wata sabuwa, wai a riƙa biyan Naira 1,000 duk shekara don sabunta shaidar mallaka, sai ka ce mallakar mutum tana ruɓewa kamar tumatir. Cikin 2024 'yan sanda suka ce su ma a zo a yi rajista a rumbunsu na kwamfuta, suka sa rana, jama'a suka yi ca, aka dakatar. Cikin Oktoba na 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an bi-ai-o na birnin ba su da ikon tsare mota ko cin tarar direba, bayan shekara da shekaru ana tsarewa ana ci. Mai gadin da ke Ikoyi, wanda ba ya karanta jaridun Turanci, a bakin shinge yake jin kowace sabuwar doka, kuma a nan yake biyan kuɗin jin ta.

Mafi muni duka ita ce takardar kwastan. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Cikin Maris na wannan shekara hukumar kwastan, a ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ta ba masu motoci wata ɗaya kowa ya je ya tabbatar an biya wa motarsa fito, in ba a biya ba ya biya. Majalisar Dattawa ta sa baki aka dakatar da shirin, amma nan da nan aka bar maganar mota aka koma gardamar ko shugaban kwastan zai bayyana a majalisa da kaki ko da babbar riga. Tambayar da ke ƙarƙashin rigimar ba a amsa ta ba. Mota ba ta da fukafukai. In ta shigo ba fito, ta gaban wani ma'aikaci mai albashi ta wuce. In aka ba ta lamba, wani ofishin gwamnati ne ya karɓi takardunta ya ce ya gamsu. Sa'an nan ta yi shekara shida tana yawo, ta fita daga hannu na farko zuwa na biyu zuwa na uku, sai ranar da ta faɗa hannun mai tumatir, a kan hanyarsa ta zuwa salla, za a gano cewa takardarta ba ta cikin kwamfuta. Ɗan fasa-ƙwaurin ya ci ribarsa, wanda ya kau da kai ya karɓi nasa, wanda ya buga hatimi ya sami ƙarin girma, mai tumatir ya sauke iyalinsa a bakin titi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ne cikin 2024 kwastan ta buɗe ƙofa ta kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su je su daidaita takardunsu. Amma sanarwar da ba ta shiga tasha ba, ba ta shiga gareji ba, ba a maimaita ta a rediyo da harshen da direba ke ji ba, masu manyan jif ta yi wa amfani. Abin mamaki, hedkwatar shiyyar kwastan ta wannan yanki a Bauchi take.

Akwai kuma wani tarko da ya haɗa aikin bakanike da na hukuma, wanda masu tsofaffin motoci suka fi kowa faɗawa ciki. Injin yana da lamba, kamar yadda shasi ke da lamba, kuma duka biyu a rubuce suke a takarda. Motar da ta kai shekara 25 tana haya lalle an sauya mata injin sau ɗaya ko sau biyu, gama sau da yawa sayen injin kwance ya fi gyaran wanda ya buga araha. An kuma sake mata fenti, wataƙila daga ja zuwa launin motocin haya. Ranar da aka ɗora sabon injin, ranar takarda ta zama maƙaryaciya. Doka ta ce a sanar da ofishin lasin, kuma wannan daidai ne, don ta haka ake kama ɓarayin mota. Amma direba nawa ne a Faggo aka taɓa gaya wa inda ake zuwa, da takardar da ake cikawa, da kuɗin da ake biya? Tun da ba a gaya masa ba, sai lambar injin ta zama gonar mai shinge, wadda yake girbe ta rani da damina.

Masu kare wannan tsari suna da hujjarsu, kuma ba a ce duk ƙarya ba ce. Sun ce tsofaffin motoci na kashe mutane. Haka ne, suna kashewa. Golf da aka yi don mutum biyar a cusa mata goma, da buhu huɗu a baya, da tayoyin kwance da suka tsufa tun a Turai, da birkin jabu, ai makara ce mai ƙafa huɗu. Amma wace takarda ce daga cikin bakwai ɗin nan ta taɓa duba birki? Ɗaya ce aka yi don haka, watau takardar lafiyar mota, kuma sanin kowa ne cewa a wurare da yawa akan bayar da ita ba a ko ga motar ba. Mota tana kan jak a gareji ba ƙafa, takardar lafiyarta tana aljihun ɗan kamasho. Da tsaron rai ake nufi, da mai shinge ya durƙusa ya karanta lambobi huɗun nan da ke gefen taya, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe ke nuna shekarar da aka yi ta. Ba ya durƙusawa. Hannu yake miƙawa ta taga. Kuma wanda ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, har kuɗin lita ya haura Naira 1,000 cikin 2024, ba shi da bakin tambayar dalilin da ya sa direba ke cusa mutum goma.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan Arewa mazauna Kurmi suna da nasu kason a wannan wahala, kuma ɓoye shi ba zumunci ba ne. Mutumin da ba zai sayi sa ba sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, shi ne zai ba da kuɗin shekara bakwai a filin motoci na Berger da magariba, don dillali ya ce akwai wani mai so yana hanya. Bai gwada lambar shasi da ta takarda ba. Bai ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba tsatsa da laka ba, alhali kuwa motocin da ambaliya ta cinye a Amurka, irin ta birnin Houston cikin 2017, akan wanke su a yi gwanjonsu su nufo Afirka ta Yamma, kuma irinsu wayoyin lantarkinsu ba sa daina ciwo. Bai zo da bakanike nasa ba, ya yarda da na mai sayarwa. Inshora kuwa sai ya karɓi ta rabin kuɗi a hannun wani mai jaka a bakin ofishi, ga shi kuwa akwai rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake dubawa ta wayar hannu da lambar mota a ga ta gaske ce ko ta banza. Araha dai ba ta ado.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne barin mota da sunan wanda ya sayar. Da yawa suna ƙyashin kuɗin canjin suna, su riƙa yawo da takardun wani mutum da ba su taɓa gani ba. In aka taɓa yin fashi da motar, ko ta sata ce tun asali, wanda aka kama da ita shi ne ɓarawo har sai ya wanke kansa, kuma da me zai wanke? In kuwa ta Allah ta kasance, mai mota ya rasu a can Kurmi, magada su je gaban alƙali rabon gado da takardar da ba sunan mahaifinsu a jiki, direban da aka ba amana ya ce shi ma da kuɗinsa a ciki. Marayu da yawa sun rasa abin da uba ya yi shekaru yana tara musu saboda kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba.

Ga kuma son lambar Ikko. Wai motar da ke ɗauke da ita ta fi kwarjini, ta fi daraja ranar sayarwa, don za a ce sabuwar shigowa ce. Kuɗin rajista da na lamba kuwa jihar da ta bayar ita ke ci. Watau mota tana cin titin Yana zuwa Azare, harajinta yana gyara titin Ikeja. Haruffa ukun farko na lambar mota sunan ƙaramar hukuma suke nunawa, kuma ba a ga abin kunya ba in mutumin Shira ya rataya sunan garinsu a goshin motarsa.

Amma ba a ce wa mutum ya kawo harajinsa gida sai gida ya shirya karɓarsa, kuma wannan aikin Gwamnatin Jihar Bauchi ne da Majalisar Dokokinta. Ba wani babban abu ake nema ba. A ajiye tebur ɗaya a sakatariyar Yana, ko da rana biyu ce a mako, ma'aikacin haraji da mai duba lafiyar mota su zauna tare, mutum ya shigo da mota da safe ya fita da takardunsa kafin la'asar. A rubuta kuɗin kowace takarda a bango da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, don ɗan kamasho ya rasa abin ci. Canjin injin ya zama takarda mai shafi ɗaya, da rasidin wanda ya sayar da injin, da sa hannun shugaban ƙungiyar bakanikawan garin, gama su suka san wanda ya ɗora me a kan me. Ita kuma takardar lafiya kada a bayar sai an taka birki an ga ya kama, an kunna fitila an ga ta haska. Direbobi za su yi gunaguni wata guda, daga baya su gode.

Abin da ya shafi Tarayya kuwa yana wuyan ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Shira da Giade da sanatan Bauchi ta Arewa. Su kai ƙudurin da zai tilasta a tantance fito kafin a ba mota lamba, kuma da zarar gwamnati ta ba da lamba, to maganar fito ta fita daga wuyan wanda ya saya da gaskiya. In an gano ha'inci daga baya, a bi wanda ya shigo da motar da wanda ya buga hatimi. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo, da ƙungiyoyin 'yan asalin Katagum da ke Kudu, su ma suna iya ajiye mutum biyu, mai ilmin boko ɗaya da bakanike ɗaya, waɗanda za su raka duk ɗan'uwan da zai sayi mota kafin kuɗi su bar hannunsa. Ana yin haka a cinikin shanu da na goro tun kaka da kakanni.

Lokacin zaɓe 'yan takara sukan tuna da mazauna Kurmi, su zo har Agege da Mile 12 su yi alkawarin motocin da za su kwashe masu ƙuri'a zuwa gida. Duk wanda ya zo, ko na wace jam'iyya ne, a ba shi tabarma da ruwa, sa'an nan a ce ya lissafa takardun da ake bukata kafin Golf ta ɗauki fasinja daga Yana zuwa Azare, da kuɗin kowacce, da ofishin da ke bayar da ita, da guda nawa zai soke in ya hau.